Abokina ya kawo iyalinsa Ingila, ni kuwa zuciyata tana ƙuna

Wani ɗan'uwa ɗan Kafanchan ya turo min saƙo daga Manchesta, aikin kula da tsofaffi yake yi. Ya ce tare suka taso da abokinsa, ƙungiyar mawaƙa ɗaya, wato kwaya, suka yi a cocinsu na ECWA, abokin ya shigo a 2022 ya kawo matarsa da yara uku, shi kuwa sai tsakiyar 2024 ya samu shigowa, matarsa da 'ya'yansa biyu suna can gida. Yanzu ko hoton abokin ba ya son gani, har ya daina zuwa cocin da suke zuwa tare. Ya ce, "Baba, ran da na ji an rage masa shif sai na ji daɗi a raina, ni da nake Kirista, me ya same ni?"

Ɗana, sannu. Na karanta saƙonka sau uku, kuma na gode maka da ka kira abin da sunansa, don da yawanmu a nan muna ɗauke da shi muna ta ce masa gajiya.

Abu biyu ne suka cakuɗe maka, bari in raba maka su. Kewar matarka da 'ya'yanka ba zunubi ba ne, ko kaɗan. Daga ranar 11 ga Maris 2024 gwamnatin Birtaniya ta hana sababbin masu bizar kula da tsofaffi ɗauko iyali, waɗanda suka riga shiga kuwa aka bar su da nasu, ka ga ba wayo ya fi ka ba, ba addu'a ya fi ka ba, kwanan wata ne kawai ya raba ku. Wannan akwai ciwo, ka yi kukanka gaban Ubangiji ba kunya. Amma daɗin nan da ka ji da aka rage masa shif, wannan kam hassada ce, kuma ita ce nake tsorar maka fiye da maganar takardu.

Na san yadda take shigowa don ta taɓa kama ni. Shekarun baya ina gadin dare, wajen ƙarfe uku sanyi ya shiga ƙashi, sai na buɗe waya na ga wani da muka zo tare riƙe da makullin sabon gida yana murmushi, na rubuta masa "Allah ya sanya albarka" amma yatsana ne kawai ya rubuta, cikina kamar an zuba garwashi. Wata huɗu ina kauce wa mutumin nan. Shi bai ma sani ba, yana barcinsa lafiya, ni ne na rame. Karin Magana 14:30 ta kwatanta ƙyashi da ruɓar ƙashi, to ni a jikina na ga haka.

Ka buɗe Zabura 73 yau da dare a lokacin hutunka. Asaf, mawaƙi ne a haikali, ɗan kwaya irinka, ya faɗa da bakinsa cewa saura kaɗan ƙafarsa ta zame saboda kishin waɗanda duniya ta yi wa daɗi, har ya fara tunanin ko a banza ya tsare zuciyarsa. Ina ya samu sauƙi? Sai da ya shiga wuri mai tsarki na Allah. Kai kuma wurin ne ka guda. Wannan shi ya fi damuna a duk saƙonka, a ƙasar da mutum zai yi sati bai ji an gaishe shi da Hausa ba, ka yanke kanka daga zumunci saboda mutum ɗaya da bai yi maka laifin komai ba.

Sannan ka tuna Bitrus a bakin teku, Yohanna 21. Yesu ya gama faɗa masa irin mutuwar da zai yi, sai ya waiga ya hango Yohanna ya ce to wannan fa? Amsar da ya samu gajeruwa ce, ina ruwanka, kai dai ka bi ni. Ba faɗa ba ne, sauke masa kaya aka yi, don lissafin rabon wani ba aikinmu ba ne kuma ba za mu taɓa gama shi ba. Bulus ma yana kurkuku ya rubuta wa Filibiyawa cewa ya koyi wadar zuci a ƙoshi da yunwa. Koya ya yi fa. Abin da ake koya kuwa a hankali yake zama, don haka kada ka ce ka yi addu'a sau biyu ba ka ga canji ba.

Abin da ya taimake ni shi ne, kullum da safe in ambaci sunan mutumin gaban Allah in roƙa masa ƙari, da farko bakina har ɗaci yake yi, amma na ci gaba, wata rana na farga ina yi da gaske. Ka kuma toshe ganin sitatus ɗin abokin naka na WhatsApp na ɗan lokaci, ba gaba ba ce, ciwo ne kake rufewa kada ƙuda ya sauka.

Yanzu takardu. Hassada tana sa gaggawa, gaggawa kuma ita ke kai mutanenmu hannun masu cewa kawo fam dubu kaza in samo wa madam takardar aiki. Kada ka taɓa. Kada kuma ka yi fushi ka ajiye aiki ba ka da wani sifonso, wato wurin aikin da zai tsaya maka a biza, a hannu, don yawanci kwana 60 kacal ake ba mutum ya samu wani ko ya bar ƙasar. Hanyoyin gaskiya suna nan ko da suna da tsawo. In kana da karatun nas daga gida, rajistar NMC, hukumar nas-nas ta Birtaniya, tana buƙatar jarrabawar Turanci da CBT, wadda ake yi a kwamfuta, da OSCE, wato gwajin aiki a aikace, nas kuwa yana iya ɗauko iyalinsa. In madam tana da sana'ar da za ta nemi biza da kanta, ku duba wannan ma. Dokokin nan suna yawan canjawa, sai ka zauna da lauyan shige da fice mai rajista, ba ɗan'uwan coci da ya ce ya san hanya ba. Kuma bizarka ba ta hana ka zuwa gida ka dawo ba, ka fara tara kuɗin jirgi ko fam hamsin-hamsin ne, ka je ka ga yaranka.

Ka faɗa wa matarka gaskiyar dokar nan dalla-dalla, har da kwanan watan, don na tabbata can ma ana ce mata ai wane ya kai tasa, ita ma tana da nata garwashin. Ku riƙa yin addu'ar dare tare ta bidiyo, yara su karanta aya.

Lahadi mai zuwa ka koma coci. In an tashi ka je ka gaishe da abokin naka, ka riƙe wa yaransa ko biskit ne, in matarsa ta ce a zo a ci tuwo kada ka ce kana da shif. Ka rubuto min bayan ka dawo, ina sa ka a addu'a da sunanka.