Kullutu a wuya: shin allurar gwaji na nufin daji ne?

'Yar'uwa, kin ce an ga kullutu a maƙogwaron Mama, likita ya ce a tsira allura a ɗebo samfur, kina tsoron ko cutar daji ce. Allah ya ba ta lafiya. Ki kwantar da hankalinki: cikin irin waɗannan kullutai na tayiroyid, wata halitta da ke gaban wuya, wajen tara cikin goma ba daji ba ne.

Da farko ana auna sinadarin TSH a jini, wanda ke nuna yadda tayiroyid ke aiki, a yi hoton sikanin. Allurar kuma siririya ce ƙwarai, mintuna kaɗan an gama. Sakamakon allurar ana jera shi a wani ma'auni da ake kira tsarin Bethesda, mai matakai 6. Na biyu lafiya lau, na shida daji.

Matakai na uku da na huɗu su ne ke wahalar da likitoci, domin wani nau'in ƙari ba a gane mugu ne sai an ciro shi an duba ko ya huda fatar da ta lulluɓe shi. Shi ya sa masana ke ta binciken ƙwayoyin gado da ke cikin samfurin, irin su wadda ake kira BRAF, don rage tiyatar da ba dole ba.

Don Allah kada a bari wanzami ya tsaga wurin. In muryarta ta dishe ko haɗiya ta yi wuya, ku koma asibiti da gaggawa.