Me ya sa muke ta nanata salo ɗaya a marimba, kayan kiɗan nan na jerin katakai da ake bugawa da sanduna?

Ka ce wai me ya sa nake hana ka yin ado, sai dai ka yi ta buga sauti huɗu ɗin nan har minti goma alhali hannunka ya isa ya yi fiye da haka. Toh yarona, irin wannan kiɗan haka ginin shi yake, na natsuwa ne, mai sauraro ba gudun hannunka ya zo ji ba.

Ka ga Steve Reich ɗin nan, mai tsara kiɗa na Amurka, a 1970 sai da ya tafi Ghana takanas ya zauna gaban makaɗan ƙabilar Ewe yana koyo, ya dawo ya rubuta wani kiɗa mai suna Drumming a 1971. A ciki makaɗa biyu za su fara salo iri ɗaya tare, sai ɗaya ya ɗan ƙara sauri kaɗan-kaɗan har ya wuce ɗan'uwansa da bugu ɗaya, daga nan sai kunne ya fara jin wani sabon salo wanda babu wanda ya buga shi a cikinsu. In kai da ke riƙe da gindin kiɗan ka karkata ka bi shi, shikenan komai ya rushe.

Sannan ni wallahi ban yarda hannunka ya isa ba tukuna. Hagunka ya fi damanka rauni, ina jin shi daga bakin ƙofa. Kuma kana yawan faɗawa daidai inda igiya ta ratsa katakon, wurin nan mataccen wuri ne, ba ya amo, shi ya sa ma aka huda shi a nan. Tsakiya za ka buga, saitin bakin bututun da ke ƙasa, don shi ke kumbura sautin. A manyan katakan hagu masu kaurin murya ka ɗauki sanda mai laushi wadda aka naɗe kanta da zaren ulu sosai, mai tauri ƙwas-ƙwas kawai za ta ba ka, wani lokacin ma ta tsaga katakon, kuma ka san tsadar shi. Katako ba ya jan sauti, yana bugawa yana mutuwa, in kana son ya daɗe sai ka yi ta sauya hannu da sauri amma ba da ƙarfi ba har bugun ya narke ya zama kamar numfashi ɗaya.

Adon da kake marmari akwai wurin shi, nan ne jaz ke shigowa, salon kiɗan nan da makaɗi ke ƙirƙirar abinsa nan take. Mai ganga yana shafa fata da buroshi, ya saki jiki ya yi abin da ya zo mishi, amma fa don kai ka tsaya cak ne yake samun filin. Naka a rubuce yake a takarda kamar na makaɗan gargajiyar Turai, ba ka da izinin ƙari.

Gobe ka zo da wuri, hagu kaɗai za ka yi, da na'urar ƙirga bugu a kan bugu 60 a minti ɗaya.