Idan Lantarkin Ƙaramin Jirgi Ya Ɗauke a Sama

Tambaya: Malam, in wutar lantarki ta ɗauke a ƙaramin jirgin fasinja, injinsa zai mutu ne?

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Injin fistan, irin na jirgin Cessna 206, magineto biyu ke ba fulogoginsa wuta, wato ƙananan na'urori masu samar da wutar kansu in injin na juyawa, babu ruwansu da batir. Yawanci altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, ita ce ke lalacewa, ko bel ɗinta ya tsinke. Matuƙi zai kashe ta ya sake kunnawa sau ɗaya. In ta ƙi, sai ya kashe duk na'urar da ba dole ba, domin batir kusan minti 30 kawai zai kai, ya nufi filin jirgi mafi kusa. In rediyo ta mutu, ya sa lamba 7600 a na'urar da ke nuna jirgin ga masu kula da zirga-zirgar jirage, alamar rediyonsa ta mutu, hasumiyar filin jirgi ta haska masa koren haske mara ƙyaftawa, wato ya sauka.