Tambaya da Amsa: ZooKeeper yana amsa "imok" amma aiki na tsayawa, me ya kamata in sa wa ido?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina kula da na'urori a wani ƙaramin kamfanin hada-hadar kuɗi ta waya a nan Gombe. Muna da sabobi uku na ZooKeeper 3.8, manhajar da ke daidaita aiki tsakanin na'urori, waɗanda Kafka ɗinmu, mai jigilar saƙonni tsakanin manhajojinmu, ya dogara da su. Na rubuta ɗan shiri da ke aika musu `ruok` duk minti ɗaya, kullum amsarsu `imok`. Amma sau biyu a watan nan aiki ya tsaya da daddare, sai da masu POS suka fara kira muka sani. Wayata kuma ta cika da saƙon hawan CPU, har na kashe ƙararsa. Me zan riƙa aunawa, kuma a wane mataki ya kamata a tashe ni daga barci?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Shirin naka bai yi maka ƙarya ba, tambayar da kake yi wa sabar ce ba ta isa ba. `ruok` tamkar "ina kwana" ce, kowa "lafiya lau" zai ce ko da zazzaɓi na cinsa. Amsar `imok` tana nufin manhajar tana raye kuma ƙofa mai lamba 2181 a buɗe take, shi ke nan. Saba na iya ballewa daga 'yan'uwanta, ba ta karɓar rubutu ko ɗaya, ta kuma ci gaba da cewa `imok`. Gwada `srvr` ko `mntr`: wadda take cikin taro za ta faɗa maka matsayinta, shugaba ce ko mabiyiya, wadda ta fita kuma za ta ce ba ta karɓar aiki a halin yanzu. Ka lura, tun daga 3.5.3 sai ka lissafa irin waɗannan umarni a `4lw.commands.whitelist` kafin su yi aiki, in ban da `srvr`.

Abin da ke riƙe ZooKeeper shi ne rinjaye. Cikin sabobi uku sai biyu sun yarda kafin a tabbatar da kowane rubutu, cikin biyar sai uku. Ke nan rararka saba ɗaya ce tak. Ranar da ɗaya ta faɗi, babu abokin cinikin da zai ji a jikinsa, komai zai tafi daidai, ga shi kuma kana tafiya ba tayar ko-ta-kwana. Zargina ke nan a kan dararen nan biyu: ɗaya ta jima da fita ba wanda ya sani, ta biyu ta yi tuntuɓe, aiki ya tsaya. Don haka ƙararrawar da ta fi kowace muhimmanci ita ce wadda ke kaɗawa lokacin da rarar ta ƙare, tun kafin rinjayen ya rushe.

Tunda 3.8 gare ka, ba ka bukatar wani ƙarin kaya. Daga 3.6 ZooKeeper na fitar da alƙalumansa kai tsaye ga Prometheus, manhajar tattara alƙaluma da kaɗa ƙararrawa. A cikin `zoo.cfg` na kowace saba ka ƙara layi biyu:

`metricsProvider.className=org.apache.zookeeper.metrics.prometheus.PrometheusMetricsProvider`
`metricsProvider.httpPort=7000`

Ka sake tayar da su ɗaya bayan ɗaya, mabiya da farko, shugaba a ƙarshe, kada ka taɓa ta gaba sai wadda ka tayar ta koma cikin taro. Prometheus ya riƙa ɗebowa duk daƙiƙa 15. Ka kuma sa node_exporter, mai fitar da alƙaluman ita kanta na'urar, a kowace na'ura domin faifai da ƙwaƙwalwa.

Abubuwa uku ne kawai nake ganin sun cancanci tayar da mutum da tsakar dare. Na farko `max(synced_followers) < 2` har tsawon minti biyu, wato mabiyiya ɗaya ta ɓace ko ta gaza cimma shugaba. Na biyu `absent(synced_followers)` na minti ɗaya. Wannan yana da ɗan tarko: shugaba ne kaɗai ke fitar da adadin mabiya, to in babu shugaba adadin ba ya komawa sifili, ɓacewa yake yi ɗungurungum, ƙa'idar farko kuma sai ta yi shiru a daidai lokacin da ake bukatarta. Na uku faifan da ya kusa cika. Sauran duk su jira safiya a zauren aikinku.

Bari in daɗe kaɗan a kan faifai, domin can ne mafi yawan ciwon ZooKeeper yake. Kowane rubutu sai an tabbatar ya sauka a kan faifai kafin saba ta ce ta amince. Idan sabobi uku na lafiya, saurin rubutu saurin faifai na biyu ne wajen gudu, mai nawan cikinsu yana ɓoye a bayan sauran. Da ɗaya ta faɗi, sai kowa ya koma jiran mai nawan. Buɗe rajistar ZooKeeper ta dararen nan ka nemi layin da ke ɗauke da `fsync-ing the write ahead log`. Ba ya fitowa sai ajiya guda ta haura daƙiƙa ɗaya, kuma in ka gan shi jere da juna dab da lokacin da aiki ya tsaya, ka kama ɓarawonka. A Prometheus ka raba `rate(fsynctime_sum[5m])` da `rate(fsynctime_count[5m])` ka samu matsakaici. A kan SSD mai lafiya 'yan milisakan ne. Ni zan sa gargaɗi a milisakan 100 na minti biyar, daga baya ka daidaita da abin da ka gani a gidanka. Magani kuwa, `dataLogDir` ya samu faifansa shi kaɗai. In Kafka da ZooKeeper na rubutu a faifai ɗaya, ko akwai aikin kwafar ajiya da ke tashi ƙarfe biyu na dare a na'urar, ba sai an je duba ba.

Cikar faifai kuma sau da yawa sakaci ne na saiti. `autopurge.purgeInterval` sifili yake zuwa, ma'ana ba a share tsofaffin fayiloli har abada. Sa shi 24, a riƙa sharewa duk kwana, `autopurge.snapRetainCount` ya zauna a 3 ko sama. Maimakon jiran kashi 90 cikin ɗari, yi amfani da `predict_linear` ya faɗa maka in faifan zai cika cikin awa 24.

Ka riƙe lissafin lokaci a ka. Da `tickTime` 2000 da `syncLimit` 5, mabiyiyar da ta yi daƙiƙa 10 ba a ji ɗuriyarta ba an sallame ta. Kafka kuma, daga 2.5, yana ba zamansa da ZooKeeper daƙiƙa 18. Duk abin da ya daskarar da saba har tsawon haka ya isa ya jawo sabon zaɓen shugaba: Java ta tsaya sharar ƙwaƙwalwa, na'ura ta fara aron faifai a madadin RAM, ko suwic ɗin ofis ya mutu ya tashi a tsakanin ɗaukewar wuta da kamawar janareto. Shi ya sa `increase(election_time_count[15m]) > 0` yake da amfani. Zaɓe ɗaya a wata ba abin damuwa ba ne. Uku a dare ɗaya alama ce ta wuta, ko waya, ko faifai.

Kada `avg_latency` da `max_latency` su ruɗe ka. Tun daga tashin sabar suke tarawa, har sai an goge su da `srst`, don haka tangarɗar watan jiya za ta zauna a `max_latency` kamar yau ta faru. `outstanding_requests` ya fi su faɗin gaskiya: a zaman lafiya yana kusa da sifili, in ya wuce 10 ya ƙi sauka minti biyar layi ya fara taruwa, a 500 kan kowace saba cikin ukun kuma ZooKeeper da kansa yake taka wa masu aikowa birki. `znode_count`, `watch_count` da `num_alive_connections` a allon Grafana, mai zana alƙaluma, ya kamata su zauna, hawan da ba ya sauka kake nema a cikinsu. Iyakar haɗi daga adireshi ɗaya 60 ce, manhajar da ke buɗewa ba ta rufewa za ta ci karo da ita. Saƙon CPU kuwa ka goge shi baki ɗaya. Ƙararrawar da ta saba maka da kashe ƙarar waya ta fi rashinta illa.

Sai abin da ba alƙaluma ba. In sabobin nan uku a ɗaki ɗaya suke, kan inbata ɗaya da suwic ɗaya, to a gaskiya saba ɗaya gare ka mai kai uku. Zafin Maris da Afrilu a Gombe, in na'urar sanyaya ɗakin ta tsaya, tare zai kwantar da su. Ko ba a samu wani gini ba, a raba musu batir da layin wuta. Raba su gida biyu, misali biyu a Gombe ɗaya a Bauchi, rabin magani ne, domin faɗuwar Gombe ta tafi da rinjaye. Prometheus da Alertmanager, mai tura saƙon ƙararrawa, su ma kada su kwana a ɗakin. Ka ƙirƙiri ƙa'ida guda da ke kaɗawa kullum, `vector(1)`, tana aika saƙo ga wata ƙaramar saba a waje, ita kuma ta turo maka tes in saƙon ya yanke minti biyar. In intanet ɗin ofis ne ya mutu, wannan ce kaɗai hanyar da labari zai iso ka.

Af, Kafka 4.0 da ya fito a 2025 ya rabu da ZooKeeper gaba ɗaya, ya koma KRaft, tsarinsa na cikin gida. Ku sa ƙaura a cikin shirinku, amma can ma rinjaye ne da faifai, aikin nan ba zai tafi a banza ba.

Idan ka gama saiti, zaɓi ranar Talata da hantsi, lokacin da kowa yana ofis. Tsayar da mabiyiya ɗaya da hannunka, ka duba agogo. Saƙo ya kamata ya shigo wayarka cikin minti uku. Mayar da ita, jira `synced_followers` ya koma 2, sannan ka tsayar da shugaba ka ga ko zaɓen ya bayyana a allo, ka kuma rubuta daƙiƙa nawa aka ɗauka kafin sabon shugaba ya hau.