Ƙafar jaririna ta karkace, sai an yi hoto?

Tambaya: Likita, na haihu, ƙafar yaron ta dama ta lanƙwashe ciki. Sai an ɗauki hoton ƙashi?

Amsa: Allah ya raya, 'yar'uwa. Ba sai an ɗauka ba. Yawancin ƙasusuwan ƙafar jariri guringuntsi ne, ba sa fitowa sosai a hoto. Likita da ido da hannu yake ganewa. Kada ki kai wa mai ɗori, ki garzaya asibitin ƙashi, irin na Dala a Kano, tun makonnin farko. Za a riƙa miƙe ƙafar a hankali, a ɗaura filasta mai tauri irin ta karaya har cinya, ana sauyawa duk mako kamar sau 5 zuwa 6, galibi a ɗan yanka agara. Sai takalmi mai sanda, wato takalma biyu da sanda ta haɗa su: awa 23 kullum tsawon wata 3, sannan lokacin barci har yaron ya kai shekara 4. Sakaci da takalmin ne ke dawo da karkacewar. Idan ta dawo, a nan hoto yake taimakawa.