Dakali da Rumfar Gona a Wuraren da Damina ke da Ƙarfi

Tambaya: Malam, ina noman citta a yankin Kafanchan, kuma ina son in yi dakalin ƙasa da ƴar rumfa a bakin gona domin hutawa. Wanda maƙwabcina ya gina ya zube tun kafin ƙarshen Agusta. Ko ginin ƙasa ba ya jure wa daminarmu ne?

Amsa: Yana jurewa ƙwarai, Malam, muddin aka kare shi ta ƙasa da ta sama. Ruwan da ke bugun bango ya gangara ba ya yin ɓarna mai yawa. Wanda ke rushe gini shi ne wanda ke kwanciya a gindinsa da wanda ke zama a kansa. Saboda haka ka zaɓi tudu, ka haƙa harsashi, ka jera duwatsu har su ɗaga sama da ƙasa da kamar santimita 40, sannan ka ja lambatu ya kewaye wurin.

Tun da saman dakali a shimfiɗe yake, a ganina kuskure ne a bar shi a fili a yanki irin naku. Ka fara kafa rumfar, rufin ya zarce dakalin da aƙalla santimita 60, musamman ta gabas inda hadari ya fi tasowa. Idan ka samu azarar giginya ko itacen ƙirya ka yi dirkoki da su, domin gara ba ta cin su da sauƙi.

Wajen kwaɓi kuwa, ka mulmula ƴan dunƙulen gwaji ka shanya: idan sun tsattsage yumɓu ya yi yawa, sai a ƙara yashi, idan sun marmashe, yashin ne ya yi yawa. A zuba busasshiyar ciyawa, a tattake sosai da ƙafa, a bar shi ya kwana biyu ya tsima. Ana ɗorawa ne hawa-hawa, kowane hawa ya sha iska kafin a aza na gaba. Ka yi aikin tsakanin Nuwamba da Fabrairu, amma ka riƙa lulluɓe shi da buhuna, don iskar hunturu kan busar da bayansa alhali cikinsa na ɗanye.

Tambaya: Shin zan iya shafe dakalin da siminti in huta da yaɓen kowace shekara?

Amsa: Ban ba da wannan shawarar ba. Siminti ba ya kama jikin ƙasa yadda ya kamata, kuma da zarar ya tsage ruwa ya shiga, ba ya barin danshin ya fita, sai ƙasar ta jiƙe ta ciki har shafen ya ɓamɓare gaba ɗaya. Maginanmu na gargajiya makuba suke amfani da ita: ana jiƙa ɓawon ɗorawa a ruwa, a kwaɓa ƙasar yaɓe da ruwan, a shafe ginin. Ka ɗan karkatar da saman dakalin zuwa waje, kuma ka duba tsaga ka toshe ta kowace shekara kafin ruwan farko ya sauka.