Amsa ga ƙanwata kan dafaffiyar tuffa, kafin ta taso Kumasi

Ƙanwata, bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da Inna da duk mutanen gida. Saƙonki ya iso, kuma na yi murna ƙwarai da jin cewa jami'ar kimiyya da fasaha ta KNUST da ke nan Kumasi, ƙasar Gana, ta ba ki gurbi. Allah ya sa a fara a sa'a. Abu biyu kika tambaye ni. Na farko, yadda ake dafa tuffar nan da kayan ƙamshi, wadda Turawa ke kira kwamfot, da kika ce kin ɗanɗana a gidan biki ta tsaya miki a rai. Na biyu, ko za ki iya riƙa yin ta kina zubawa a 'yan robobi kina sayar wa ɗalibai, ki rage wa Baba nauyin kuɗin makaranta. Ta farkon ba wuya. Ta biyun kuwa sai kin yi haƙuri da Yayarki, don ba abin da kike son ji zan faɗa ba.

Mu fara da tukunya. Ki nemi tuffa kilo ɗaya, wato kamar guda shida matsakaita, kuma ki gauraya iri biyu: koriyar nan mai tsami da za ki ga an manna mata takardar Granny Smith, da ja mai zaƙi irin su Royal Gala ko Fuji. Ja zalla idan ta dahu salam take fita, ba armashi. Koriya zalla kuma sai ta cinye miki sukari. Ki wanke su da ruwan ɗumi kina murzawa, saboda ɗan santsin da ake shafa musu don su jure doguwar tafiya. Kafin ki ɗauki wuƙa, ki matse rabin lemun tsami a kwano ki ajiye kusa. Da zarar an yanka tuffa iska ta buge ta, nan da nan take rinewa ta yi ja-ja kamar goron da aka ɓare aka bari, tsamin lemun ne ke taka wa wannan burki. Ki fere, ki raba huɗu, ki ƙwaƙule tsakiyar da 'ya'yan, ki yanka gutsi-gutsi daidai cin cokali, kina jefawa cikin ruwan lemun kina ɗan juyawa.

Wurin kayan ƙamshi ne matanmu ke ɓata ta. Hannunmu ya saba da kunu da zoɓo da yaji, inda ake watsa citta da kanumfari ba awo. Tuffa ba ta ɗaukar wannan, ƙamshinta mai sanyi ne, abu kaɗan ke danne shi. Ga kilo ɗaya, sandar kirfa guda mai tsawon yatsa ta isa, da kanumfari ƙwaya uku, da ɗanyar citta kamar kan babban yatsa a yanka ta fale-fale, da ɗan gishirin da yatsu biyu za su tsinta. Kanumfarin nan ki ƙirga shi wajen sawa, ki ƙirga wajen tsamewa. Kin san shi ake dannawa a haƙori mai ciwo don ya kashe wurin. To idan ya yi yawa a tukunya haka zai kashe harshen mai ci, ba wanda zai ji tuffar. Masoro ƙwaya biyu ba laifi, yana ba ta wani ɗan zafi a maƙogwaro da nake so. Kimba kuwa ki bar ta wa farfesu, ɗaci take kawowa. Garin kirfa ma yana yi idan babu sandar, rabin ƙaramin cokali, sai dai yana dusashe launin. In kina da gyaɗar ƙamshi, ki ɗan goga kaɗan bayan kin sauke.

Ki zuba komai a tukunya mai kaurin gindi, ta silba in akwai, don tukunyar dalma tana sa wa abu mai tsami ɗanɗanon ƙarfe. Ruwa rabin kofin shayi kawai. Tuffar da kanta za ta fitar da nata. Sukari babban cokali biyu tukuna. Ki rufe, wuta ƙasa-ƙasa, minti goma. In kurfoti ne, ki rage gawayin sai ya zama garwashi, in ba haka ba gindin zai kama, kuma ƙauri idan ya shiga ba ya fita. Sai ki buɗe, ki juya a hankali, ki bar ta a buɗe minti biyar zuwa goma ruwan ya tsotse. Ki ɗebo yanka ɗaya ki danna da bayan cokali: idan ya baje ba gardama amma sauran na nan da siffarsu, ta yi. Yanzu ne za ki ɗanɗana ki ƙara cokali ɗaya ko biyu na sukari, ko ɗigon lemu idan zaƙin ya yi yawa. Kada ki tsorata in kin ga ta ɗan yi ruwa-ruwa, tuffa na da wani danƙo nata da ke kama jiki idan ta huce. Ni na fi son ta da mazarƙwaila a madadin sukari. Launin yana yin duhu, amma gardin ba a magana.

A kan kindirmo mai sanyi ta fi daɗi, sai masa mai zafi, sai burodi da shayin safe. Wasu na sa ta a koko. Ni ban ga dalili ba: kokon Hausa na nan, wanda za ki tarar a kowace mahaɗa da sassafe ana sayar da shi da ƙosai, ya riga ya ji citta da kanumfari da barkono, ba abin da tuffa za ta ƙara masa.

Ajiyarta ce farkon matsalar shirinki. Wannan ba jam ba ce. Jam tana daɗewa ne saboda sukarin cikinta ya haura rabin nauyinta, ƙwayoyin cuta ba sa samun ruwan da za su rayu a ciki. Taki kuwa sukari kaɗan ne, ruwa da yawa. A firij, cikin kwalbar da aka tafasa aka busar, za ta yi kwana biyar zuwa mako guda, muddin da cokali mai tsabta ake ɗiba. A waje kuwa, kada ki auna da Kano. Kumasi garin kurmi ne, damina biyu ake yi a shekara, iska cike da laima, takalmin fata ma furfura yake yi a ƙarƙashin gado. Ki dafa da safe ki bari a kan tebur, washegari za ki ga 'yan kumfa a sama da wari mai hawa kai. Wannan sai bola. Wutar lantarki ta fi yadda take a shekarun dumso, wato zamanin yawan ɗauke wuta, wajen 2015, amma har yau tana ɗaukewa ba sallama, kuma firij ɗin gidajen ɗalibai na Ayeduase da Kotei na kowa da kowa ne, a buɗe a rufe duk yini.

Sannan ki duba daga inda tuffar take fitowa. Bishiyarta sai ta sha sanyin watanni kafin ta yi fure yadda ya kamata, abin da babu shi a ƙasar Asante. Wadda kike gani a faranti a kasuwar Kejetia da bakin mahaɗar Tech Junction, akasarinta daga Afirka ta Kudu take, an loda ta a kwantena mai sanyi, ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema, ta kwana a ɗakin ƙanƙara, sannan mota ta haura da ita kusan kilomita 250 daga Akra. Kowane hannu da ta bi ya ɗora ribarsa, kuma asalin cinikin da dala ne. Duk ranar da sidi, kuɗin Gana, ya yi ƙasa, tuffa ta yi sama. A Disamban 2022 hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 50 cikin ɗari, a lokacin gidaje da yawa a unguwar Aboabo sai da mara lafiya ake sayen tuffa. Ki ɗora da cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kilon nan ɓawo ne da tsakiya, sauran kuma ya ƙanƙance a wuta. Ki sa kuɗin gas, da roba, da sukari, da na trotro, motar haya, zuwa kasuwa. Farashin da za ki yanka wa robar da ba ta wuce loma biyar ba zai yi kafaɗa da na waken shinkafa mai ƙwai da taliya da miyar yajin nan shito, wanda ɗalibi zai ci ya wuni. Ke da kanki, in ke ce shi, wanne za ki saya? Kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

Wata za ta ce miki ki sayi masu tabo da yamma, ana karyar da su. Wadda ta ɗan bugu kawai, a yanke wurin da faɗi, ba komai, ni ma ina saye don cin gida. Amma wadda ta fara ruɓa ko ta yi furfura, kada ki yarda: gubar da furfurar tuffa ke saki tafasa ba ta kashe ta.

Akwai kuma doka, kuma a nan ne 'yan uwanmu ke shan mamaki, saboda suna jin Hausa ko'ina a Zango sai su ɗauka gida suke. Gaskiya ne, kakanninmu sun san hanyar Gwanja tun zamanin fataucin goro, kuma a Asawase ko Aboabo za ki wuni ba ki buƙaci wani yare ba. Amma a takarda baƙuwa ce ke. Yarjejeniyar ECOWAS kwana 90 ta ba ki ba biza, bayan nan sai kin yanki katin shaidar baƙi kin nemi izinin zama daga hukumar shige da fice, kuma izinin zama na karatu ba izinin aiki ba ne. Dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa ƙananan sana'o'i irin su talla da kasa kaya a kasuwa. Kada ki ɗauka rubutu ne kawai a takarda: a 2019 an garƙame shagunan 'yan Najeriya a Suame, nan cikin Kumasi, kan wannan maganar. Tsofaffin Zango kuma har yau suna ba da labarin korar baƙi ta 1969, zamanin Firayim Minista Busia. Sannan duk abincin da aka ƙulla a mazubi don sayarwa sai da rajistar hukumar FDA, takwarar NAFDAC ɗinmu. Ba na cewa za a kama ki don kin sayar wa ƙawarki roba ɗaya a ɗaki. Abin da nake cewa shi ne kada Baba ya sa wannan a lissafinsa. Ɗaliban waje da dala ake yanka musu kuɗin makaranta. Na shekarar farko da na ɗaki su kasance a hannu kafin ki hau mota, na shekara ta biyu kuma a san daga inda zai fito. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Dahuwar dai ki koya, za ta yi miki rana, musamman in kika juya ta kan abin da ƙasar nan ke da shi a wadace. Abarbar Gana, doguwar nan mai farin ciki da ake nomawa a kudu, zaƙinta ya isa ba sai kin sa sukari ba, kuma ita tana ɗaukar citta da masoro da hannu sake. Minti ashirin zuwa ashirin da biyar take so. Ɗanyar abarba idan ta jima a cikin nono tana tsinka shi ta sa masa ɗaci, amma wuta na kashe abin da ke jawo haka, shi ya sa dafaffiyar ke zama lafiya a kan kindirmo. Mangwaro kuma, daga wajen Mayu zuwa Yuli yake cika gari. Ki zaɓi manyan marasa zare waɗanda ba su gama nuna ba, minti goma sun ishe su, da kirfa da lemun tsami. In kwaɗayin tuffar ya motsa, ki yanka guda biyu cikin abarba ɗaya, ƙamshinta zai fito, tukunya kuma ta cika. Ranar Lahadi ki dafa, ki ci har Alhamis, kin huta da sayen kayan zaƙi na kanti. Da azumi kuma ki ɗiba a kwalba ki miƙa wa maƙwabtanki na ɗaki, Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Mutanen nan suna riƙe alheri.

Kada ki cika jaka da kirfa da kanumfari da citta, duk akwai su a kasuwar Kumasi, har kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya. Mazarƙwaila ce ban cika gani ba, ki taho da ita, a ɗaure ta tam a leda biyu saboda laima da tururuwa. Ki roƙar mini Inna yajinta na daddawa. Katin rigakafin shawara ki sa shi wuri ɗaya da fasfo da takardar gurbin karatu, a jakar hannu, don in ta ƙasa za ki biyo ana tambayar sa a Seme da Aflao. Ki sanar da ni ranar da za ki taso tun da wuri, in sa a tarye ki a tasha. A gaida Baba da kyau.